TARIHIN HANNUN JARIN ESSO DA MOBIL: NAWA AKA CI, NAWA TSADA TA CINYE?

Wasiƙar da za mu amsa a wannan mako ta fito ne daga wani mai saurarenmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano. Tambayarsa kashi biyu ce. Da farko yana so a ba shi tarihin kamfanin mai na Mobil, wanda tun yana yaro yake ganin jan dokinsa mai fukafukai a gidajen mai. Na biyu kuma, ya ce ya sha jin 'yan boko na cewa duk wanda ya sayi hannun jarin kamfanin mai ya ajiye, to ya yi sallama da talauci har jikokinsa. Shi ne yake tambaya ko maganar nan gaskiya ce, tun da yake kuɗin jiya ba su ne kuɗin yau ba.

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya, kuma ƙarshen maganar taka nan ne gizo ke saƙar. Amma kafin mu shiga tarihi, bari mu warware kalmomi biyu domin waɗanda ba su saba da su ba.

Hannun jari dai tamkar a ce mutane ne suka haɗa kuɗi suka sayi garken shanu, kowa aka rubuta masa rabonsa a takarda. Mai wannan takarda yana da hanyar samu biyu. Ta farko, idan kamfani ya ci riba yakan cire wani abu ya raba wa masu jari, ko sau ɗaya a shekara ko bayan kowane wata uku. Wannan shi ake kira rabon riba, shi ne nonon saniyar. Ta biyu, yana iya kai takardar kasuwar hannun jari ya sayar ta hannun dillali, ko da riba ko da faɗuwa, yadda farashin ranar ya kama. Wannan kuma shi ne kuɗin saniyar kanta a kara.

Kalma ta biyu ita ce hauhawar farashi, wato tsadar kaya. Wannan kam kai ka fi mu saninta. Alal misali, ka sayar da buhu 10 na masara da kaka, ka zuba kuɗin a wata sana'a, bayan shekara biyu kuɗin suka ninka. Idan ka koma kasuwa ka tarar kuɗin nan da suka ninka buhu 8 kaɗai za su saya maka, ai ka san buhu 2 ka yi asara, ko da aljihunka ya fi da nauyi. Masana tattalin arziki ma haka suke lissafi. Sai dai su ba masara kaɗai suke aunawa ba. Ma'aikatan ƙididdiga na gwamnati kan bi farashin abinci da sutura da haya da magani da kuɗin mota wata-wata, su fitar da ma'auni guda. A Amurka ma'aunin nan ya faro tun daga 1913. Shi ne mudun da za mu riƙe a hannu yayin da muke bin tarihin nan.

ASALIN KAMFANIN

A shekarar 1859 aka haƙa rijiyar da ta buɗe kasuwar mai a jihar Fensilbaniya ta Amurka. Lokacin babu mota. Abin da ake nema a jikin ɗanyen mai shi ne kananzir na kunna fitila. Wani matashi mai suna Jon Rokafela, wanda ya fara rayuwa a matsayin akawun 'yan kasuwa, ya lura cewa masu haƙa rijiya sa'a suke bi, yau a samu gobe a rasa, amma duk wanda ya haƙo dole ya kai matata. Sai ya kama harkar tacewa. A watan Janairu na 1870 shi da abokan cinikinsa suka kafa kamfanin Standard Oil a jihar Ohayo da jarin dala miliyan 1. Cikin shekara 10 sun saye ko sun durƙusar da mafi yawan abokan hamayyarsu, har ya kasance kimanin kashi 90 cikin 100 na man da ake tacewa a Amurka yana hannunsu. Babban makaminsu shi ne rangwamen da suke samu a asirce daga kamfanonin jirgin ƙasa, ta yadda suke kai kayansu kasuwa da araha fiye da kowa. Gwangwanayen kananzir ɗinsu sun kai har ƙasar Sin da Indiya da Afirka. A 1907 ne kamfanin da daga baya ya zama Mobil ya fara sayar da kananzir mai tambarin Sunflower a Nijeriya.

Wannan babakere ya tayar da hankalin jama'ar Amurka. Ranar 15 ga Mayu 1911 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci cewa Standard Oil ya karya dokar hana danne kasuwa, ta ba da umurnin a wargaza shi. Aka raba shi gida 34, duk mai hannun jari a uwar kamfanin aka ba shi rabonsa a jikin 'ya'yan. Mutane suka zaci ta ƙare wa Rokafela, wanda ke riƙe da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na jarin. Ashe gobarar Titi ce. Dalili kuwa, mota ta zo. Kamfanin Ford ya fitar da motarsa mai araha a 1908, fetur da a da ba a damu da shi ba ya zama shi ne kan gaba. Farashin hannayen jarin sababbin kamfanonin ya tashi, zuwa 1913 an ƙiyasta dukiyar Rokafela ta kai kimanin dala miliyan 900.

Cikin 'ya'yan nan 34, biyu ne suka shafe mu. Babban cikinsu shi ne Standard Oil of New Jersey, mai sayar da mai da sunan Esso, wanda ya koma Exxon a 1972. Na biyu shi ne Standard Oil of New York, wanda ya haɗe da kamfanin Vacuum a 1931, ya zama Mobil a 1966. A ƙarshen watan Nuwamba na 1999 wa da ƙanin nan suka sake komawa gida ɗaya, aka sa masa suna ExxonMobil. Da yake Exxon ne ya haɗiye Mobil, har aka canza wa masu jarin Mobil takardunsu da na Exxon, hannun jarin Exxon za mu bi a lissafinmu.

MU HAU ALLO

Mu ɗauki wani Ba'amurke wanda a ƙarshen 1970 ya sayi hannun jari guda ɗaya tak na Standard Oil of New Jersey. Farashinsa a lokacin kimanin dala 73 ne. Ya jefa takardar a akwati, bai ƙara ba bai rage ba. Sau biyar kamfanin ya tsaga kowane hannun jari gida biyu: a 1976, da 1981, da 1987, da 1997, da 2001. Wannan tsagawa fa ba kyauta ba ce. Tamkar canjin takardar naira 1,000 ne zuwa 'yan 500 guda biyu, ana yin ta ne don kada farashin guda ɗaya ya yi wa masu saye nauyi. To ɗaya ya zama 2, ya zama 4, ya zama 8, 16, har 32. A ƙarshen 2024 kowane guda yana kan kimanin dala 107 da rabi. Idan ka buga wannan sau 32 za ka samu kimanin dala 3,440. Wato dala 73 ta ninka sau 47 ke nan. Wannan shi ne lissafin da 'yan bokon nan suke faɗa maka, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Yanzu mu kawo mudu. Tsakanin ƙarshen 1970 da ƙarshen 2024 farashin kaya a Amurka ya ninka kusan sau 8. Kayan da dala 1 ta saya a 1970 sai ka ba da kusan dala 8 a 2024. Saboda haka dala 3,440 ɗin nan, in aka mayar da ita kuɗin 1970, kimanin dala 434 ce. Ninkin gaskiya ke nan sau 6 a cikin shekara 54, wato ƙarin kashi 3 da 'yan kai cikin 100 kowace shekara. Riba ce babu shakka. Amma tsakanin sau 47 da sau 6 akwai tafiya mai nisa, kuma duk tazarar nan tsada ce ta cinye ta.

Daɗin daɗawa, ninkin nan sau 6 ba a miƙaƙƙiyar hanya ya zo ba. Bari mu bi shi zango-zango.

Zangon farko, 1970 zuwa 1980. A watan Oktoba na 1973 aka yi yaƙi tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu mai suka hana Amurka mai, farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. A 1979 aka yi juyin juya hali a Iran, zuwa 1980 ganga ta haura dala 30. Mu nan gida dattawa na tuna zamanin, domin kuɗin man nan ne aka biya Udoji da su a farkon 1975: albashi ya tashi, kafin shekara ta ƙare farashin kaya ya bi sahu da ƙarin sama da kashi 30 cikin 100. To kowa zai ɗauka mai hannun jarin Exxon ya haye a waɗannan shekaru. A ƙarshen 1980 takardunsa biyu sun kai kimanin dala 161, sun ninka sau biyu da ɗoriya. Sai dai farashin kaya a Amurka shi ma sau biyu da ɗoriya ya ninka. A kuɗin 1970, dala 161 ɗin nan dala 74 ce. Ɗanyen mai ya ninka fiye da sau 10, mutuminmu kuwa ya ƙaru da dala 1.

Ina kuɗin suka tafi? Masu ƙasa suka karɓi rijiyoyinsu. Iraƙi ta ƙwace kamfanin man da ke ƙasarta a 1972. Benezuwela ta mayar da harkar mai hannun gwamnati a 1976, inda Exxon ke da babban reshe. Saudiyya kuwa ta yi ta sayen kamfanin Aramco kaɗan-kaɗan daga 1973 har ta mallake shi gaba ɗaya a 1980, alhali da Exxon na da kashi 30 cikin 100 a ciki, Mobil na da kashi 10. Saboda haka mafi yawan ƙarin kuɗin ganga baitulmalin gwamnatoci ya shiga. Kai ma ka sani a kasuwarku, tsadar hatsi ba kullum take nufin ribar ɗan kasuwa ba, tun da shi ma da tsada yake sarowa.

Zango na biyu, 1980 zuwa 2000, shi ne abin mamaki. Mai ya yi kwantai a duniya. A 1986 ganga ta faɗo zuwa wajen dala 10, a ƙarshen 1998 ma ta sake komawa kusa da haka. A 1989 jirgin ruwan kamfanin mai suna Exxon Valdez ya yi karo da dutse a gaɓar Alaska, ya malalar da ɗanyen mai, aikin share wurin kaɗai ya ci wa kamfanin sama da dala biliyan 2. Duk da haka a ƙarshen 2000 takardun mutuminmu, waɗanda sun zama 16, sun kai kimanin dala 1,390. Farashin kaya kuwa cikin shekara 20 ɗin nan sau biyu kaɗai ya ninka. A kuɗin 1970 yana da kimanin dala 318 ke nan, ya ninka abin da yake da shi a 1980 fiye da sau 4.

Dalilan sun haɗu ne. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa wajen kashi 20 cikin 100 a 1980 da 1981 don ya karya tsada, kuma ya yi nasara: hauhawar farashi ta sauko daga kashi 13 da rabi a 1980 zuwa kimanin kashi 3 a 1983. Da darajar dala ta tsaya da ƙafarta, mutane suka koma kasuwar hannun jari, farashin manyan kamfanoni baki ɗaya ya tashi. Shi kuma Exxon ya rage ma'aikata, ya rabu da harkokin da ba sa kawo riba, ya riƙa sayen hannayen jarinsa daga kasuwa yana janye su, wato bakunan da za a raba wa riba suna raguwa. Sa'an nan wanda ya shiga a farkon zangon da araha ya saya, lokacin da mutane suka gaji da kasuwar.

Zango na uku, 2000 zuwa 2007. Masana'antun ƙasar Sin suka buɗe baki, buƙatar mai ta ƙaru, farashin ganga ya yi ta hawa har ya kai dala 147 a watan Yuli na 2008. ExxonMobil ya zama kamfanin da ya fi kowane daraja a kasuwar hannun jarin Amurka, ribarsa ta 2008 ta kai dala biliyan 45. A ƙarshen 2007 takardun nan 32 sun kai kimanin dala 3,000, wato dala 568 a kuɗin 1970.

Zango na huɗu shi ne na kuka. Tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008. Bayan haka Amurkawa suka ƙware a wata dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa su tatso mai da iskar gas, kasuwa ta cika. Ganga da take sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Sai ga annobar korona a 2020, jirage da motoci suka tsaya cik. Ranar 20 ga Afrilu na shekarar, a kasuwar Amurka, farashin ɗanyen mai ya faɗa ƙasa da sifiri, ma'ana mai kaya ne ke biyan mai saye don ya rabu da shi, saboda babu wurin ajiya. ExxonMobil ya yi asarar dala biliyan 22 a shekarar, aka kuma cire shi daga jerin manyan kamfanoni 30 na ma'aunin Dow Jones, inda yake tun 1928. A ƙarshen 2020 hannun jari ɗaya ya koma dala 41. Takardun nan 32 kimanin dala 1,320 ke nan, ƙasa da yadda suke shekara 20 kafin nan ko ba a kawo mudu ba. Da aka kawo mudu, wajen dala 200 suke a kuɗin 1970. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da suke da shi a 2007 ya tafi.

Daga nan kasuwa ta sake juyawa. Rasha ta abka wa Yukiren a 2022, mai ya yi tsada, kamfanin ya ci ribar kusan dala biliyan 56, hannun jari ya haura dala 100. Amma ka lura da lambobin nan biyu: dala 568 a 2007, dala 434 a 2024. A takarda farashin 2024 ya fi na 2007. A mudu kuwa, bayan shekara 17 bai koma inda yake ba.

NONON SANIYA

Duk lissafin da muka yi zuwa nan kuɗin saniya ne a kara, ba mu sa nono ba. A nan ne kamfanin ya yi suna. A shekarun 1970 rabon riba yakan kai kashi 5 cikin 100 na farashin hannun jari ko fiye, saboda haka ko a zangon da farashi bai motsa ba a mudu, mai takarda yana karɓar wani abu duk bayan wata uku. Zuwa 2024 kamfanin ya yi sama da shekara 40 a jere yana ƙara rabon shekara. Ko a 2020 bai yanke ba, bashi ya ci ya biya. A 2024 an raba dala 3.84 a kan kowane hannun jari. Mai 32 ya karɓi kimanin dala 123 ke nan a shekara ɗaya, wato fiye da dala 73 da ya zuba tun farko, ko da yake a kuɗin 1970 kimanin dala 15 da rabi ce.

Ga kuma wanda bai ci rabon ba, ya riƙa mayar da shi yana ƙara sayen hannun jari, kamar makiyayin da ba ya sayar da maruƙansa. Mu ɗauka, don sauƙin lissafi, matsakaicin rabon kashi 4 ne cikin 100 a shekara. Abin da ke ƙaruwa da kashi 4 yakan ninka cikin shekara 18. Shekara 54 ninki uku ke nan: 2, 4, 8. Takardunsa za su ninka na wancan sau 8, kafin a cire haraji da ladan dillali. Ka ga ke nan wanda ya yi arziki da wannan kamfani shi ne mai haƙurin barin riba ta haifi riba shekara hamsin, kuma sai mai wata hanyar cin abinci ke iya wannan haƙuri.

Wanda ya saya a ƙarshen 2007 fa, lokacin da kowa ke rububi? Ya biya kimanin dala 94. Kafin ya tsaya daidai da tsada, sai kuɗin nan sun zama dala 141 a ƙarshen 2024. Takardarsa dala 107 da rabi take. Rabon da ya karɓa cikin shekara 17 ya kai kimanin dala 48. In ka haɗa, dala 155 da 'yan kai. Ya tsallake, amma nono ne ya fitar da shi.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a faɗa. Mu yau muka waiwaya muka zaɓi kamfanin da ya rayu. Mutumin 1970 bai san wanda zai rayu ba. Kamfanin makamashi na Enron a Amurka hannun jarinsa ya kai wajen dala 90 a watan Agusta na 2000, a watan Disamba na 2001 ya karye, takardarsa ba ta kai dala 1 ba, bayan an gano shugabanninsa sun ɓoye basussuka. Ma'aikatansa da yawa a ciki suka zuba kuɗin fanshonsu. Kamfanin BP na Ingila, da rijiyarsa ta fashe a tekun Meksiko a watan Afrilu na 2010, hannun jarinsa ya zubar da kusan rabin darajarsa cikin wata biyu, aka dakatar da rabon riba. Shell kuwa a 2020 ya yanke rabon riba da kashi biyu cikin uku, karo na farko tun Yaƙin Duniya na Biyu.

A GIDA NIJERIYA FA?

Esso da Mobil duk sun yi ciniki a nan. Gwamnati ta sayi Esso na Nijeriya a 1976 ya koma Unipetrol, wanda ya zama Oando a 2003. Reshen Mobil mai gidajen mai kuwa, uwar kamfanin ta sayar da kasonta, aka canza masa suna zuwa 11 Plc a 2017. 'Yan Nijeriya da yawa sun fara riƙe takardun kamfanonin mai ne bayan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, sa'an nan da kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati da aka kafa a 1988 ƙarƙashin marigayi Hamza Zayyad, wanda ya sayar wa jama'a hannayen jarin National Oil da African Petroleum da Unipetrol.

Mudun nan a nan ya fi zama dole, domin tsadarmu ta fi ta Amurka gudu nesa ba kusa ba. A 1995 hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin 100, a watan Disamba na 2024 tana wajen kashi 35. Litar fetur kwabo 60 ce a 1989, naira 11 a ƙarshen 1994, a 2024 ta haura naira 1,000. Idan tsada tana kashi 30, naira 100,000 sai ta zama 130,000 a shekara kafin a ce ka tsaya inda kake.

Ga misalai biyu. African Petroleum, wato tsohon BP da gwamnati ta karɓe a 1979, ya sayar wa jama'a hannun jari a 2008 a kan naira 250, lokacin litar fetur na naira 70. Takarda ɗaya lita uku da rabi ke nan. Kamfanin ya koma Forte Oil, daga baya ya koma Ardova. A ƙarshen 2015 farashin ya haura naira 300, wanda ya sayar a lokacin ya fita da kuɗinsa a takarda. A 2023 aka saye takardun ƙananan masu jari a kan ƙasa da naira 20, kamfanin ya fita daga kasuwa. Lokacin an cire tallafi, lita ta haura naira 500, sai ka haɗa takarda wajen 30 kafin ka sayi lita ɗaya. An ba da 'yan takardun kyauta a tsakani, an raba riba a wasu shekaru, amma ba su isa su cike wannan rami ba.

Na biyu shi ne Seplat, kamfanin da a watan Disamba na 2024 ya kammala sayen reshen Mobil mai haƙar mai a gaɓar tekun Nijeriya. Ya shiga kasuwa a 2014 a kan naira 576, a ƙarshen 2024 yana wajen naira 5,700, kusan ninki 10. Amma a tsakanin nan farashin kaya a Nijeriya ya ninka fiye da sau 5, saboda haka ninkin gaskiya bai cika 2 ba, ban da rabon riba. A kasuwar Landan ma, inda ake sayar da shi da fam, a ƙarshen 2024 yana kusa da fam 2 ɗin da ya fara da shi. Wannan ya kare dukiyar mai shi daga tsada har da ɗan ƙari, kuma a ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To Alhaji, amsar tambayarka ke nan. Maganar da ka ji tana da gaskiya ga wanda ya dace da kamfanin da ya ɗore, ya saya da araha, ya daɗe yana riƙe, ya kuma riƙa mayar da rabon riba ciki. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, tarihi ya nuna yana iya shekara 10 ko 20 yana tsaye wuri ɗaya, ko ma ya koma baya. Duk wanda ya zo maka da labarin hannun jarin da ya ninka, ka tambaye shi daga wace shekara zuwa wace shekara, sa'an nan ka auna kuɗin farko da na ƙarshe da buhun masara na kowane lokaci. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Kada kuma a zuba kuɗin taki ko jarin kasuwa a abin da ba za a iya jira shekaru a kansa ba, kuma kada a zuba duka a kamfani ɗaya.

Kira na ƙarshe ga waɗanda suka gaji irin takardun nan a akwatin iyayensu. A 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Nijeriya ta ce rabon ribar da masu shi ba su karɓa ba ya kai kimanin naira biliyan 190. Kuɗin nan kullum tsada na rage musu ƙarfi. A ɗauki takardun a je wurin dillalin da ke da rajista da hukumar, ko banki, a cike fam ɗin da zai sa rabon ya riƙa shiga asusu kai tsaye. Idan mai takardar ya rasu, sai an haɗa da takardar rabon gado daga kotu.